Jar Tawadar Mama Profira

Surukata, Mama Profira, ita ke rubuta wa mutanen ƙauyenmu takardun addu'a. Kowace Asabar mata kan kawo mata sunayen 'yan gidansu, ta jera su a takarda biyu: masu rai da jar tawada, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da baƙa. Ran Lahadi a miƙa wa Fada Ilarie ya karanta a coci. Ba wai sauran ba su iya rubutu ba ne. Hannunta ne ya fi na kowa kyau, kuma ta san kakan kowa.

Da can a teburin kicin take yi, tuwon masara na kan wuta, kaji na shigowa, maƙwabta na zuba. Ran nan sai ga Fada ya ɗaga murya yana roƙa wa marigayi Costache hutun har abada, alhali Costache maƙeri na tsaye a sahun gaba da hularsa a hannu. Ashe Mama da baƙar tawada ta rubuta shi. Da aka fito Costache ya tare ta a bakin ƙofa.

"Profira, ashe na mutu ba ki gaya wa matata ba? To ina rabona na dafaffiyar alkamar sadakar mutuwata?"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da ita. Washegari na dawo daga gona na tarar da gangar da nake jiƙa kabeji a ciki a tsakar gida, ɗan sitonmu kuwa wayam.

"Mama, me zan gani haka? Ina zan kai kabejin?"

"Ki kai shi ɗakinki, Domnica. Sunayen mutane ba sa zama inda ake surutu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma matar nan ta iya aiki! Sito ne taku uku, sai da ta shafe shi da farar ƙasa sau uku kafin warin kabeji ya haƙura. Ta sa ƙaramin tebur a gindin taga, ta rataye hoton Maryamu da fitilar mai a gabansa, da damin busasshiyar ɗoɗɗoya. Jan alƙalami a kofi can dama, baƙi a wani kofin can hagu, ba sa haɗuwa. Kafin ta shiga sai ta wanke hannu, ta cire takalmi, ta zauna shiru har numfashinta ya daidaita. In ta ɗaura kallabi a jikin ƙofa, ko saniya ce ta tsinke ba mai ƙwanƙwasawa. Daga ranar ba ta sake kuskure ko ɗaya ba.

Mijina Gavril, ɗanta tilo, ya tafi aikin gini Italiya. Shekara biyu yana kira, daga nan shiru. Mun yi cigiya har mun gaji. Duk Asabar sunansa ne na farko a takardar masu rai, ni kuwa ga ni nan, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. A shekara ta bakwai na tura ƙofar nan da kallabin a jikinta.

"Mama, ki mai da shi baƙa. In ya mutu fa? Yana can ba mai roƙa masa gafara!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kin ga gawarsa?"

"Ban gani ba."

"Na taɓa binne mai rai sau ɗaya, bisa kuskure. Ba zan binne ɗana da gangan ba. Ja mini ƙofar, 'yata."

Na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Da yamma ta zuba mini miya ta ajiye a gabana kamar ba a yi ba.

Bayan shekara huɗu idonta ya fara dushewa. A lokacin sanyinta na ƙarshe a duniya takan wuni a ɗakin, na ɗauka addu'a ce ta ƙaru. Da bazara ta rasu.

Asabar ta farko bayan rasuwarta matan suka zo, suka tsaya suna kallona. Wa zai yi in ba ni ba? Na wanke hannu, na ɗaura kallabin, na shiga da niyyata: yau zan sa Gavril kusa da uwarsa da baƙar tawada, kowa ya huta.

Na ja aljihun teburin neman takarda, sai na tarar da tari biyu. Na hagu, a saman kowace takarda ta rubuta sunanta da kanta, da baƙar tawada. Na dama kuwa, kowace ɗaya Gavril, da ja. Ina ɗagawa haruffan na ƙara girma suna karkacewa, na can ƙasa da ƙyar ake karantawa. Wayyo, Mama! Tata mutuwar ta yarda da ita tun kafin ta zo, tasa ce ta ƙi sa wa hannu.

Na yi kuka har matan suka fara gyaran murya a waje. Sannan na ɗauki jan alƙalamin na rubuta sunana a ƙarƙashin nasa.

Shekara uku ke nan, tarin dama ya kusa ƙarewa. Kwanakin nan, in na gama na mutane, nakan ɗauki wata takarda daban ina koyon yadda Mama take lanƙwasa harafin farko na sunansa.