Wainar Iya a Caji Ofis

"Hajiya, ƙara kika kawo?" in ji ɗan sandan da ke bakin aiki, ganin kakata Iya ta dire masa kwanon waina.

Caji ofis ɗin nan gidanmu ne a da, can cikin gari. Da soja suka miƙa mulki, gwamnati ta karɓe gidan, muka koma unguwar Kabuga.

Iya ta ce, "Sadakar Juma'a ce, ɗan nan. Daidai ƙarƙashin kujerarka na binne cibiyar 'ya'yana bakwai. Duk wanda ya zauna nan, nawa ne."

Bawan Allah ya miƙe zumbur, ya kasa komawa kan kujerar.

Har Iya ta rasu, wainar nan ba ta yanke ba. Allah Ya jiƙanta.

Ku fa, me aka gina a kan taku cibiyar?