Injin da Inna ta zaɓa

Babanmu dillalin dabbobi ne, kuma babu wanda bai san minsharinsa ba a unguwarmu a Dungas. Mu yara dariya muke yi, Inna ce kaɗai ba ta yi. Sai da girma ya kama shi lokotoro a asibitin Damagaram ya gaya mana abin tsoron: numfashinsa ne ke ɗaukewa cikin barci, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Aka haɗa shi da wani inji mai hura iska ta tiyo, da abin rufe hanci. Shi Baba takunkumi yake ce masa, wai irin na ɗan maraƙi.

Injin ya yi shekaru yana aiki, ran nan ya mutu murus. Baba ya koma gyangyaɗi duk inda ya zauna. Ranar kasuwar Guci barci ya sace shi a kan moto, sai ga shi tsakiyar gonar waken mutane. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kurje. Inna ta zare lakilen moton, wato makullinsa, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce ba shi ba hawa sai an yi sabon inji. Dillali ba kasuwa, ai sai ya zama abin tausayi. Yini yake yana zagaye gida yana neman kaji da faɗa.

Ni ce mai boko a gidan, ina koyarwa a Magarya, don haka na ɗauki abin a kaina. Na yi ta bincike a waya har idona ya yi ja, na tsayar da zaɓi: sabon yayi, ɗan ƙarami, wanda ba ya ƙara ko kaɗan. Za mu kama hanyar Damagaram da takardar lokotoro, sai Inna, wadda ko kasuwar garinmu ba ta shiga, ta yafa mayafi ta ce da ita za a. Gaskiya na ji haushi. Me ta sani game da inji?

Mai shagon ya fito da guda biyu da suka dace da takardar, duka suna aiki da batirin pano mai cajin hasken rana, tun da kuran ɗinmu, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Baba ya ɗaga kowanne ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashi, saura kaɗan ya nemi haƙora.

"Ban taɓa sayen dabba ban ga tafiyarta ba," in ji shi. "A shimfiɗa mini tabarma."

Kamar in nutse don kunya. Mai shagon kuwa dariya ya yi, ya shimfiɗa masa a bayan kanta. Lokacin ƙailula ne, bayan azahar. Aka sa masa wanda na zaɓa, nan da nan barci ya tafi da shi. Tsit kake ji. Na juya ina jiran Inna ta yaba, sai na ga ta matsa kusa da shi, ta kafa wa ƙirjinsa ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Can ta kasa haƙuri ta girgiza shi.

"Malam. Malam, tashi."

Ya tashi yana mita. Aka sa masa na biyun, wani mai ɗan kauri, yana fuu, fuu a hankali duk shaƙa duk fitarwa. Inna ta jingina da bango. Kafin in gama yi wa mai shago tambayoyina, ita ma ta ɓingire, baki buɗe, a shagon mutane. Ban taɓa ganin uwata tana barci da rana ba sai ranar.

Da suka farka na fara jero mata amfanin mai shirun. Ta katse ni.

"Ke ƴar nan, shi barcinsa yake yi, bai san wanne ne wanne ba. Ni ce mai ji. Tun ba a haife ki ba nake kwana ina sauraron shirun nan, ina jira numfashinsa ya dawo. Shi kuma za ki kai mini ɗaki?"

Tausayinta ya kama ni. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ashe shi ma ranar ya fara jin wannan magana.

"A ɗaure mana mai fuu ɗin," ya ce wa mai shago.

Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa lakilen. Baba, da kullum ke karɓar abu daga hannunta yana kallon wani wuri, ya sa hannu biyu ya karɓa.