Ja Biyu, Fara Ɗaya, Rawaya Ɗaya

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai zama ƙazafi ga wani. Amma haushin ya ƙi sakina.

Yayana direba ne, yana ɗaukar siminti daga Malbaza. Duk ranar tafiya ni nake sayo masa haɗi wajen mai tiren magani a tasha. Mutumin kan ɓare ƙwayoyi daga kwalinsu ya ƙulle a leda: ja biyu, fara ɗaya, rawaya ɗaya, wai na gajiya da ciwon baya. Da launi muke saye. Ni da nake duba ranar lalacewar gwangwanin madara sau biyu, ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba.

Wata damina idanun yaya suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Muka kai shi asibiti a Konni. Manjo, babban malamin jinya, ya ce hanta ce.

"Mi ya sha?"

Na kwance ledar. Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, launi zan yi wa magani? Ina kwalin?"

Wata ɗalibar haɗa magunguna da ta zo koyon aiki daga Yamai tana gefe. Don ta kwantar mini da hankali ta ce a manyan kamfanoni yanzu ana shigar da ƙirar magani cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta yi lissafi, ta hango ko zai taɓa hanta tun ba a ba ko ɓera ba.

Ban tsaya jin sauran ba. Na hau kabu-kabu zuwa wani shagon intanet, na zube ƙwayoyin a teburin mai shagon.

"Sa mini su cikin na'ura ta faɗi wacce ce guba."

"Baba, ta wace ƙofa? Nan wasiƙa ake aikawa." Masu zaman jira suka kwashe da dariya. Da ya ga fuskata ya sassauta murya. "Kawo sunansu in bincika maka."

Na koma tasha wajen mai tire. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma a buhu nike saro su daga tsallaken iyaka. Direba nawa ka sha, wa ya mutu?" Da ba a riƙe ni ba da na kifar da tiren.

Bayan kwana tara yaya ya rasu. Ajali ne, na sani, kuma ina istigfari in na zarce. Ɗalibar ta bayyana mini daga baya cewa na'urar hasashe kawai take yi, kuma sai an san abin da ke cikin ƙwayar. To, ilimin yana nan ke nan! Wasu na zaune suna lissafin hantar ɓera, mu kuwa ana auna mana a leda kamar gyaɗa. Kuma hannuna ne ya miƙa wa yaya ledar.

Ƙannena biyu sun kama tuƙi, na kuma san abin da suke haɗiya in sun bar gida. Na hana su, sun ce in kawo hujja. Don Allah, mai karatu, in ka san wani buro, wato ofis, a Tawa, Yamai ko Sakkwato da talaka zai kai ƙwaya marar kwali a gwada masa ita, ka sanar da ni, da takardar da ake nema kafin su karɓa.