Haidirojin a Gaban Tsofaffin Sojoji

A shekarar da aka fara yaƙin Iraƙi ne ƙanwata ta samu gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Turai. Bincikenta a kan iskar haidirojin ne, wadda ake cirowa daga ruwa a tuƙa mota da ita maimakon fetur. Ni malamar firamare ce, ko rabin bayaninta ban gane ba. Abin da na gane shi ne an ba ta wa'adi: in ba ta amsa ba kafin damina ta kankama, wani za a ba gurbin. Yardar dangi kawai ta rage.

To, a gidanmu na Zuru yardar dangi ba ƙaramin aiki ba ne. Mazan duk tsofaffin sojoji ne, sun ajiye kaki amma ba su ajiye muƙami ba. Ranar Lahadi in an taso daga coci sai su zauna a gindin mangwaro, babba a soja ya fara magana, na ƙasa da shi ba ya musa masa. Babanmu da kofur ya yi ritaya. Ƙanensa, baffanmu, sajan-manjo ne. Don haka Baba da furfurarsa sai ya jira ƙanensa ya gama, baffa kuwa ba ya gamawa. Mu mata namu kawo kunu ne.

Lahadin farko ƙanwata ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan. Baffa, da rediyo a cinyarsa, ya dube ta ya ce, "Yarinyar ga, in ruwa na tuƙa mota, mi ya kai Amurka Bagadaza? Babu ruwa garinsu?"

Kawunmu, tsohon sajan, ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Amma da ni ne, ba ta kudu zan shiga Bagadaza ba."

Shi ke nan. Aka zana taswira a ƙasa da tsinke, Zuru ta zama Bagadaza, tankoki suka biyo hanyar Dirin Daji, aka ɓoye wasu a Bena. Har kunun ya huce ba a ci garin ba, ƙanwata tana durƙushe.

Lahadi na gaba fetur ya yi tsada, 'yan kabu-kabu masu zuwa Wasagu suna ta ƙorafi. Baffa ya ce lallai gwamnati ta rungumi haidirojin, kowa ya gyaɗa kai. Har na fara murna. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in motocin duniya suka koma shan ruwa, yaƙi na gaba a kan ruwa za a yi, kuma rafinmu za a fara nema. Shi ba zai tura 'yar gidansa ta wasa wa Turawa wuƙa ba. Kowa ya sake gyaɗa kai.

Da rediyo ta ce Bagadaza ta faɗi, sai hukunci ya sake. Yanzu fetur zai yi arha, ba wanda zai ƙara tuna haidirojin, karatun banza ke nan. Wallahi raina ya ɓaci. Duk abin da aka harba a Iraƙi, a kan ƙanwata yake sauka. Na dire kwanon kunu na ce, "Baffa, ita fa Turai za ta, ba Bagadaza ba."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malama, farar hula ba ta magana a fareti."

Aka yi ruwan shuka, mutane suka fita gona. Ƙanwata ta rame, ta daina zuwa gindin mangwaron. Wata safiya na tarar ta kwance kayan tafiyar da ta haɗa, tana mayar da su cikin akwatin Inna. Na fi jin haushin Baba a kan kowa, don a ɗaki yakan ce yana so ta tafi, a waje kuma ya zauna shiru da hularsa a gwiwa.

Lahadin ƙarshe kafin wa'adi, baffa yana tsakiyar bayanin inda Amurka za ta nufa gaba, sai Baba ya miƙe ya ƙame.

"Yallaɓai, izini."

"Kofur, ban gama ba."

"Na sani."  Yayanmu soja ne, yana Saliyo a lokacin, an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Baba ya ce, "Ran da anka kai ɗana Saliyo, ba wanda ya kira taro gindin icen ga. Mota ta zo, ya hau, munka ce Allah shi kiyaye. Wagga littafi za ta ɗauka, ba bindiga ba. Ɗiyata ce, kuma za ta tafi."

 Baba ya sara wa ƙanensa, ya juya ya shige gida.

Ƙanwata ta tafi. Amma Baba bai sake zama a gindin mangwaron ba har ya rasu. Ba wanda ya kore shi, baffa da kansa ya yi ta aikowa ya dawo. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce ai ba a bariki muke ba. Ya ce sojan da ya katse na gaba da shi a fareti ba shi da sauran wurin zama.