Zaren da Wendell Ya Ɗaura wa Marlys

Shekara talatin da ɗaya Wendell Tkachuk ya yi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara a garin Thunder Bay. Shi ke fara bin hanya, ya ture abin da ya toshe ta, jama'a su biyo sawunsa ba su ko san sunansa ba. Saboda haka da matarsa Marlys ta ja shi cikin wasan da muke yi a kwamfuta, inda mutum biyar ke haɗa ayari su shiga kogo yaƙi da dodanni, babu wanda ya yi mamaki da ya zaɓi zama tanka. Tanka shi ne ƙaton da ke shiga gaba da garkuwa, ya tsokano dodo, ya shanye dukan da ya kamata a raba wa kowa. Aikinsa ɗaya ne, kada ya faɗi.

Ya gina jarumin nan nasa kamar mai ginin gidan da zai mutu a ciki. In wasa ya ba shi maki guda, sai ya kwana biyu yana juya shi a rai kafin ya zuba shi a wani wuri, kuma kullum wurin ɗaya ne: sulke, garkuwa, ƙarfin jiki. Takobi kuwa ko oho. Curtis Ojala, shugaban ayarinmu, yakan ce, "Wendell, wannan takobin naka ko man shanu ba zai yanka ba."

Shi kuma ya ce, "To ku kallo aka kawo ku yi?"

Akwai wata baiwa da tanka ke samu in ya yi nisa, muna ce mata zare. Zai ɗaura wa mutum ɗaya a ayari, daga nan rabin duk dukan da aka kai wa mutumin sai ya dawo kan tankan. A al'ada mai magani ake ɗaura wa, wato wanda ke tsaye a baya yana warkar da raunin kowa, don in ya faɗi ayari ya watse. Marlys ce mai maganinmu. Shekara tara muna ganin siririn zaren nan mai ruwan zinariya a allo, daga ƙirjin jaruminsa zuwa nata. A ɗaki ɗaya suke zama a ƙasan gidansu, tebur kusa da tebur, kuma Wendell ba ya ƙetare bakin kowace ƙofa sai mun ji muryarta ta cikin na'urar maganarsa: "Tafi, ƙato, ina bayanka."

Ciwon hanta ya ɗauke Marlys cikin mako shida. Muka je jana'iza, muka ci perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, a zauren coci, Wendell na tsaye cikin kwat ɗin da ya yi masa kaɗan yana yi wa kowa godiya. Ni Noreen maharbiya ce a wasan, ina can nesa ina sakin kibiya, babu ruwana da ran kowa. Curtis ya roƙe ni in karɓi aikin magani. Na karɓa ba da son raina ba.

Bayan wata biyu Wendell ya dawo wasan Lahadi, ƙarfe biyu na rana kamar kullum. Zaren na nan a ƙirjinsa. Yakan miƙe kamar kamu biyu a bayansa sannan ya dushe a iska, yana lilo kamar igiyar shanya da aka yanke gefe ɗaya. Sunan Marlys kuma na nan a jerinmu, ya yi toka-toka, wasa na ƙirga mana kwanakin rabonta da shiga. A bakin kowace ƙofa jaruminsa zai tsaya cik. Mu ji numfashinsa, mu ji ƙarar kujerarsa, kamar ya juya yana duban teburin gefe. Sannan ya shiga. Babu wanda ya taɓa yi masa maganar.

Sai muka kai ga dodon ƙarshen kogon. Wannan dodo ya san kan tsiya, mai magani yake fara watsa wa wuta, kuma in babu zare ba wanda ke tsallakewa. Lahadi bakwai a jere ina ƙonewa, in na faɗi sauran su bi ni ɗaya bayan ɗaya. Curtis ya kira ni a waya ya ce akwai wani tanka da ke neman wuri, in Lahadi mai zuwa ba mu yi nasara ba dole ya sauya Wendell, don sauran sun fara guna-guni. Na san kuma ban da wannan Lahadin babu abin da ya rage wa mutumin nan. Ya yi ritaya, ba su haihu ba, gidan shiru.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaide ni. Da na sake ƙonewa a karo na takwas, sai bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Haba Wendell! Wutar nan ba za ta taɓa Marlys ba. Ni ce nake ƙonewa, ni da ke tsaye a bayanka!"

Curtis ya ce, "Noreen, ya isa."

"Bai isa ba. Ka ɗaura mini na yau kawai, ƙato. In mun gama da shegen dodon nan ka mayar mata abinta. Mene ne abin wahala a ciki?"

Wendell ya ce, "Na yau kawai." Wani ɗan akwati ya bayyana a allona, wai Wendell na son ɗaura mini zare, ko na yarda? Na danna ban ko karanta sau biyu ba. Bakin zaren da ke lilo a iska ya juyo ya maƙale a jikina.

Dodo ya watso wuta, na ga rabin ta sauka kan Wendell, ya tsaya bai ko girgiza ba. Cikin minti goma sha ɗaya muka kayar da shi. Muka yi ta ihu kamar waɗanda suka ci kofin duniya. Wendell ya ce, "Madalla, jama'a," ya fita.

Na ce wa Curtis, "Ka gani ko? Sai ya mayar mata, kowa ya huta."

Curtis ya ce, "Noreen, da akwatin nan ya fito miki, me kika yi?"

"Na danna na yarda mana."

"To wa zai danna wa Marlys?"

Shekara tara ina harba kibiya, ban taɓa sanin dokar zare ba, don ba aikina ba ne. Ba a ɗaura shi sai wanda za a ɗaura wa yana nan ya amsa da hannunsa. Kalmar sirrin shigarta kuwa da ita ta tafi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na kira Wendell a waya.

Na ce, "Wendell, ka san ba zai koma ba?"

"Shekara tara nake tanka, Noreen. Na sani."

"To don me ka yi? Me ya hana ka zage ni ka ƙi?"

Ya ce, "Kin ce kina ƙonewa."

Yau shekara uku ke nan. Ban taɓa fashin Lahadi ba, ko da mura, ko ranar bikin jikata sai da na saci jiki na shiga, don ba zan iya tunanin zaren nan yana lilo a iska saboda ni ba. Har yanzu in mun zo bakin ƙofa jaruminsa na tsayawa, in ji ƙarar kujerarsa. Na san kalmomin da yake jira, guda huɗu ne, suna nan a bakina. Ban taɓa faɗa ba. Yakan jira iya jiransa, sannan ya ɗaga garkuwa ya shiga, ni kuma in bi shi.