Ranar da Iya ta daka ƙarfen taya

Shekarun baya, lokacin jirgin ƙasa bai daina zuwa Nguru ba, yanar ido ta rufe wa mahaifiyata gani har ba ta gane fuska sai murya. Aka ba mu ranar aiki a asibitin ido a Kano. In ranar ta wuce, sai a sake bin layi na watanni.

Ni mutum ne mai fargaba. Tun ana saura mako na dami abokina mai akori-kura da zai kai mu tashar jirgi daga Gashua. Na sa ya duba mai, ya duba ruwa, ya sake duba mai. Safaya kaɗai na manta ban tambaya ba. Ashe ita ce a ƙafar gaba.

Mun yi nisa sai wata saniya ta faɗo titi. Ya kauce mata, taya ta daki gefen kwalbati, tib ya fashe. Da ya kwance tayar, muka ga bakin ƙarfen, wanda direbobi ke kira rim, ya lanƙwashe ciki. Yana da sabon tib da famfo, amma ya ce in bai miƙe ƙarfen ba, zai sake yanka shi. Guduma kuwa an ara ba a dawo da ita ba.

Na zauna bakin hanya ina salati. A raina har na ga jirgi ya tashi.

"Malam, in ka gama zaman makokin, je gidan can ka aro mana taɓarya," in ji shi.

Na aro. Ya kwantar da rim ɗin kan wani kututture, ya dafa guntun ƙarfe a kan lanƙwasar, ya ce in buga. Na farko na sami ƙasa. Na biyu saura kaɗan in raba shi da babban yatsa.

Iya na inuwar motar tana saurare. Ta ce, "Wannan wane irin daka ne, kamar mai kashe kunama? Ku kai ni wurin."

Na ce, "Iya, ba fa kya gani."

"Ni da ido nake daka? Tun kafin a haife ka nake surfe."

Ta durƙusa ta shafa ƙarfen da yatsu, ta shafa hannun abokina, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Ɗan nan, ka yarda da ni?"

"Tuwonki na ci na girma, Iya. Buga."

Na rufe ido. Sai na ji dum, dum, dum, sauti ɗaya, wuri ɗaya. Matar da ta ba mu taɓaryar ta leƙo, ta koma ta ɗauko wata, suka kama lugude. Abokina yana matsar da ƙarfen kaɗan-kaɗan, ko ƙifta ido bai yi ba. Da bakin ya miƙe, ya goge kaifin da dutse, ya mayar da taya, muka yi ta karɓa-karɓa a famfo. Nan dai na yi amfani.

Mun iso Nguru ana ta loda buhunan banda a tarago.

Har yau ban rabu da fargaba ba, kuma ban san wanda ya fi burge ni ba a cikinsu, mai bugun ko wanda ya bar yatsunsa a ƙarƙashi. Ni da idona biyu lafiya, ni ne na rufe su.

Bayan mun dawo idonta ya buɗe, abokina ya zo gaisuwa da motarsa. Ta fita ta tsuguna gaban tayar, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kai, ashe na bar wani ɗan tudu a nan. Ɗauko min taɓarya."