Jan da ke Cikin Idon Rago

Shekarar da yajin aiki ya ƙi ƙarewa aka rufe mana makaranta a Sokodé, na tattara nawa-i-nawa na koma gida Dapaong. Babana mahauci ne. Ban gama hutawa ba ya ce karatu ya isa haka, ko an buɗe ba zan koma ba, tunda masu takardun ma ga su can a titi soja na kora. Maganar ta ci mini rai ƙwarai.

Ni kuwa akwai abin da ya hana ni sukuni. Malaminmu na kimiyya ya ce a can bayan ido akwai wani sinadari ja-ja, da haske ya taɓa shi sai ya sauya siffa ya koɗe, kuma wannan sauyin ne mafarin gani. Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi har da tari. Wai idon dabba nawa ya tsaga, bai taɓa ganin wani ja ba in ba jini ba. Na ce ai a rana yake tsagawa.

Don ya kunyata ni kawai ya yarda a gwada. Da hantsi muka sa rago a ɗakin ajiyar fatu, muka toshe taga da buhu, muka bari ya jima a duhu. Na lulluɓe fitila da jan kallabin Inna, don jan haske ba ya koɗar da sinadarin. A nan Baba ya yanka shi yana ta mita, ya ciro ido ɗaya ya tsaga. Na ɓare 'yar fatar ciki, siririya kamar ɓawon albasa, na shimfiɗa a farin faranti.

Na buɗe ƙofa. Ja ce, wallahi, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Muna kallo ta koma ruwan ɗorawa, ta koɗe fes. Tsallen da na yi har na gwara kai da katakon ƙofa, ban ma ji zafi ba don murna. Baba da kansa ya mayar da ƙofar, ya ce maza a sake da ɗaya idon.

Bayan na biyun ya daɗe yana juya farantin.

"To in ya koɗe haka, da me rago ke gani gobe?"

Na ce ban sani ba, ba mu kai wurin ba aka rufe makarantar.

"Ba ku kai ba?" Ya harare ni kamar ni na kira yajin. "In an buɗe lakwal ɗin, koma ka tambayo mini."